Kofin Kunun Da Aka Miƙa Wa Kawu

Akwai wani saurayi a wani ƙauye kusa da Gwiwa, sunansa Halliru. Ba mugu ba ne, sai dai Allah Ya zuba masa son bin diddigi. Rediyon gidansu ma sai da ya kwance ta don ya ga inda maganar take fitowa, kuma har yau ba ta ƙara magana ba.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne zaƙami, tsiron nan mai farar fure da ke fitowa a bakin juji. Ya sha jin cewa wanda ya sha 'ya'yansa yana ganin abin da babu shi. To me yake gani? Daga ina abin yake zuwa? Halliru yana son sani, amma ba da kansa ba. Wayonsa ya kai nan.

Sai ya tuna da taubashinsa Zaharadeen, ɗan ƙanwar babansa. Tsakaninsu tsokana ba laifi ba ce, kowa ya sani.

Ranar da aka yi gayyar noma a gonar Malam Ɗan'azumi, mahaifin Halliru, sai ƙanwar Halliru, Sa'adiyya, ta kawo kunun tsamiya da rana ta take. Halliru ya cika kofi, ya faki ido ya barbaɗa dakakken zaƙami a ciki, ya motsa.

"Karɓi, rago. Tun safe kunya biyu ka yi."

Zaharadeen ya yi dariya ya karɓa. Amma shi yaro ne mai tarbiyya, ba ya shan abu babba na zaune bai sha ba. Ya juya ya durƙusa gaban dattijon.

"Kawu, bisimilla."

Halliru ya so ya tare kofin. In ya hana, sai an tambayi dalili. Yana tsaye yana kallo mahaifinsa ya shanye tas. Ya lallashi kansa da cewa ai kaɗan ya zuba.

Kafin la'asar Malam ya fara neman ruwa, yana cewa bakinsa ya bushe. Jikinsa ya ɗau zafi rau, ga rana, amma ko ɗigon gumi babu. Baƙin idonsa ya buɗe ya yi faɗi. Can sai ya hau tsintar wani abu a jikin rigarsa yana yarwa.

"Tururuwa! Ba ku ganinsu ne?"

Babu tururuwa ko ɗaya. Daga nan ya shiga gaisawa da yayansa da ya daɗe da rasuwa, har yana matsa masa wuri a kan tabarma.

Halliru ya riƙe hannunsa. "Baba, ni ne. Halliru ne."

Dattijon ya fizge. "Wane ne wannan? Ku raba ni da shi!"

Wallahi abin tausayi. Mutumin da ake sauke murya in zai wuce, ga shi yana ƙoƙarin tuɓe riga a gaban yara.

Manoma suka ce iskar tsamiyar bakin gona ce ta buge shi, a tafi da shi gida a yi turare. Zaharadeen ya dafa ƙirjin kawunsa, ya ɗago a tsorace.

"Zuciyarsa kamar za ta fito!"

Nan Halliru ya gane cewa shirunsa na iya kashe ubansa. Ya fashe da kuka.

"Ba iska ba ce. Zaƙami ne. Ni na zuba, don Zaharadeen na zuba."

Ba wanda ya samu sararin zaginsa. Aka ɗora Malam a babur, Zaharadeen ya riƙe shi ta baya har titi, suka sami mota zuwa asibiti a Kazaure.

Da aka samu kansa, likitar da ta duba shi ta fito. Halliru, ko a wannan halin, sai da ya tambaya.

"Likita, don Allah me yake gani?"

"Ba idonsa ne yake gani ba," in ji ta. "Dafin yana toshe saƙon da ke tafiya tsakanin jijiyoyi. Sai ƙwaƙwalwa ta kasa raba mafarki da zahiri. Shi ne kuma ya tsayar da gumi da yawu, ya zaburar da zuciya. Kuma ba shi da ma'auni. Abin da ya sa wani surutu yana iya kai wani kabari."

Malam ya farfaɗo, aka sallame shi ya koma gida, bai tuna komai ba. Labarin a bakin mutane ya ji shi. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga hannu ba. Da Halliru ya durƙusa neman gafara, ya ce, "Na yafe maka. Allah Ya shirya."

Halliru ya ji sanyi a ransa. Washegari da hantsi, ya ji tsohon yana tari, ya yi maza ya ɗebo ruwa a randa ya kawo.

Malam ya dubi kofin, ya dubi ɗansa. Sannan ya juya a hankali wajen ƙofar ɗaki.

"Sa'adiyya, ɗan ba ni ruwa."

Darasi: Ƙwaƙwalwar mutum ba wurin gwaji ba ce, taka ko ta wani. Zaƙami da duk wani abu mai gusar da hankali ba kayan wasa ba ne, kuma ana iya yafe maka laifi ba tare da yarda ta dawo ba. Ku tura wa matasanku, musamman masu son tsokana.