Rawanin Caudari da Shekarun Sarki Yotam

Akwai wani tela a wani ƙauyen Kiristoci da ke bakin babbar magudanar ruwa a Panjab, sunansa Hanuk. Mutum ne marar hayaniya, in yana magana sai ka matso. Fasto sau ɗaya yake zuwa ƙauyen a wata, saboda haka sauran ranakun Lahadi Hanuk ne ke tsayawa ya karanta wa jama'a Littafi Mai Tsarki, tunda ya fi kowa sanin rubutu.

Yayarsa Bashiran ce ta raine shi. Mijinta ya rasu ya bar mata ɓauna biyu na gida da take tatsa, da ciki wata bakwai. Ba ta iya karatu ba, a takarda ma babban yatsa take dangwalawa, amma tunda take ba a taɓa cin ta a ciniki ba. Masu sayen madara daga birni in sun hango ta tafe, sai su ce wa juna yau kuma sai haƙuri.

Mai garin kuwa, wanda a can ake ce wa Caudari, Gulzar ne, ƙato, ba ya rabuwa da gora mai bakin ƙarfe. A shekarar nan ya yi bikin cika shekara ashirin da biyar a kan gari. Aka yanka awaki, aka ci aka sha, ya sa aka kafa dutse a ƙofar coci ɗauke da sunansa da yawan shekarunsa.

Wata Lahadi, maza na zaune a gefe guda, mata a ɗaya gefen da mayafai a ka, Hanuk ya zo kan labarin wani sarkin Yahuda mai suna Yotam. A wani wuri aka ambaci shekararsa ta ashirin. Layi kaɗan a ƙasa aka ce shekara goma sha shida ya yi yana sarauta.

Piara wanzami, wanda bakinsa ba ya zama shiru, ya ce, "To sauran huɗun fa? A kabari ya yi su?"

Dariya ta ɓarke. Fuskar Caudari ta murtuke.

"Tela, sake karantawa."

Hanuk ya sake. Ashirin, sannan sha shida.

"Kai ka ƙara naka! Littafin Allah ba ya magana biyu. Karɓi alƙalami ka gyara."

"Caudari Sahib, riga nake ragewa in ta yi tsawo. Wannan ba riga ba ce. Haka yake a rubuce. Ban gane dalili ba tukuna, amma ba zan taɓa shi ba."

Caudari ya miƙe, ya buga gorarsa a ƙasa. "Kowa ya buɗe kunne. Mutum ɗaya, lissafi ɗaya. Duk wanda ya ba mutum ɗaya lissafi biyu maƙaryaci ne, kuma a garin nan maƙaryaci gora yake ci."

Mutanensa uku suka ja Hanuk waje ta wuyan riga. Suka danne hannunsa na dama a kan dutsen nan na ƙofa. Bashiran ta tsallake tabarmi tana ihu, wani ya tare ta, ta gantsara masa cizo a dantse har ta ji ɗanɗanon jini, amma bai sake ta ba. Tana kallo gora ta sauka. Ta ji ƙarar ƙashi. Ta sake sauka, ta kuma sake. Jinin ƙaninta ya gangaro ya cika ramukan rubutun dutsen.

"Lahadi mai zuwa," in ji Caudari yana haki, "ka durƙusa gaban jama'a ka ce ƙarya ka yi. In ba haka ba mu kware rufin gidanka, ka kwashi iyalinka ka bar garin nan."

A gida Bashiran ta ɗaure hannun da kurkum da man mustad, man girkinsu mai yaji, da tsinken rake. Yatsu biyu sun karye, sun kumbura sun yi baƙi.

"Ka faɗa masa abin da yake so," ta ce. "Kalma uku ce, ka sayi rufin gidanka da ita. Ni ban taɓa ganin ciniki mai araha kamar wannan ba."

"Baji," ya ce, wato Yaya a yarensu, "in na ce ƙarya na yi, to ranar ce zan fara ƙarya."

"Taurin kan banza! Da wanne hannu za ka riƙe allura a wani gari?"

Hanuk ya jawo Littafinsa. Kwana huɗu yana buɗe Littafin da hannun hagu, yana duba gaba yana duba baya, bai samo komai ba.

Ranar Alhamis da safe Bashiran ta wuce ƙofar coci da tulun madara a ka. Ta tsaya tana harar dutsen. Ba ta san ko harafi ɗaya a jikinsa ba, amma ta san abin da ya ce, tunda ita ta sayar da madarar bikin: ashirin da biyar.

Sai wani abu ya faɗo mata. Ranar da aka naɗa wa Gulzar rawani, bayan addu'ar arba'in ta mahaifinsa, ita tana cikin takaba da tsohon ciki, tana jin ganga ta bayan katanga. Cikin nan shi ne 'yarta Nasrin. Ta sauke tulu, ta bi gaɓoɓin yatsunta da babban yatsa tana ƙirgawa. Ta sake daga farko. Sha tara.

Ta yi murmushi. Ba ruwanta da sarkin Yahuda. Ita dai ta sami sandar da za ta rama.

Lahadi da hantsi gari ya taru a ƙarƙashin darbejiyar coci. Caudari na harɗe a kan gadon igiya, rawaninsa fari ƙal ya sha sitaci. Mutanensa sun jingina tsani da diga a bango, don kowa ya gani. Aka tsayar da Hanuk a tsakiya, hannu a rataye.

Kafin a ce komai Bashiran ta ratsa maza ta fito.

"Ke mai madara, koma cikin mata."

"Zan koma, Caudari Sahib. Jahila ce ni, tambaya ɗaya gare ni. Shekararka nawa a kan garin nan?"

"Makauniya ce ke? Ga dutse can. Ashirin da biyar."

"Madalla. Yaushe aka naɗa maka rawanin da ke kanka?"

"Bayan arba'in ɗin mahaifina, kowa ya sani."

"Ni ma na sani. Nasrin tana cikina ranar. Shekararta sha tara, ga ta can, a duba haƙoranta in ana so." Ta juya ga jama'a. "Dutse ya ce ashirin da biyar, rawani ya ce sha tara. Mutum ɗaya, lissafi biyu. Caudari Sahib, makon jiya me ka ce irin wannan mutumin yake ci?"

Jama'a suka juya suna kallon Caudari.

Yunas, ƙanin Caudari, wanda ya daɗe da ciwon an danne shi a rabon gona, ya yi tsalle ya miƙe. "Shekara shida! Shekara shida na ubanmu ya kwashe ya zuba a nasa! Tsoho na da rai ka binne shi a kan dutse, ɗan banza?"

"Rufe min baki, kare!"

Gorar Yunas ce ta fara tashi. Ta sami Caudari a gefen kai, rawanin ya yi sama ya faɗi cikin ƙasa, ya warware. Mata suka sa salati irin nasu. A Panjab gara a fasa maka kai da a tuɓe maka rawani a bainar jama'a, shi kuwa duka biyun ya samu lokaci guda.

Daga nan wuri ya rikice. Duk wanda Caudari ya taɓa mari, duk wanda ya taɓa toshe wa ruwan gona, ya zaro abin da ke kusa. Wani ya ɗauki digar da aka kawo don gidan Hanuk. Mutanen Caudari suka tare, aka fasa wa ɗaya baki, haƙoransa biyu a ƙasa. Gadon igiya ya karye. Caudari ya faɗi rub da ciki, jini ya rufe masa ido, ana ta sauke masa gora a baya kamar ana casar alkama.

Bashiran ta dafe ƙirji. Kunya ta so ta ba shi, ba kabari ba.

Sai ta ga ƙaninta ya kutsa cikin gorori ya faɗa a kan Caudari, ya rufe shi da jikinsa. Gora ɗaya ta sauka a kafaɗarsa, wata ta sami karyayyen hannun. Ihun da ya yi ne ya tsayar da mutane.

Bashiran ta fizgi muciya a hannun wata mata, ta tsaya a kansu. "Wanda ya ƙara taɓa shi, sai dai uwarsa ta haifi wani!"

Hanuk ya ɗago kai, gumi na zuba. "Ku tsaya. Caudari bai yi ƙarya ba. Piara, kai ne wanzamin gidansu. Tsohon Caudari yaya ya ƙare?"

Piara ya goge baki. Yau babu wasa a muryarsa. "Ɓarin jikinsa ya shanye. Shekara shida ina zuwa ina yi masa aski a kwance."

"Wa ke raba ruwan gona a shekarun nan? Wa ke yanke shari'a?"

"Gulzar."

"Rawani kuma yana kan wa?"

"Yana rataye a kan gadon tsoho. Gulzar ya rantse ba zai ɗora shi ba muddin ubansa na numfashi."

"To kun ji. Wanda ya ƙirga daga ranar da ya ɗauki nauyin gari zai ce ashirin da biyar. Wanda ya ƙirga daga rawani zai ce sha tara. Babu maƙaryaci a cikinsu." Sai idonsa ya buɗe. "Baji! Mahaifin Yotam kuturta ta kama shi, aka ware masa gida, ɗan ne ke riƙe da fada yana shari'a. Yana nan a shafi ɗaya da labarin, na karanta ya fi sau goma ban lura ba. Shekarun uba da na ɗa sun hau kan juna. Ban ce na san ranar da kowanne marubuci ya fara ƙirgensa ba, amma ba dole a ce wani ya yi ƙarya ba. Abin da muke nema a Littafi, ashe yana zaune a garinmu da rawaninsa."

Yunas ya saki gorarsa. Shi ma ya tuna wanda ke juya tsohon a shimfiɗa, Gulzar ne, ba shi ba.

Caudari ya tashi zaune da ƙyar, kai babu komai, yana lalube. Rawanin yana hannun Bashiran, ta riga ta ɗauke.

"Baji," ya ce, shi da bai taɓa kiranta haka ba, "ba ni."

"Nawa ka saya?"

"Akuya biyu."

"Akuya ta iya ɗinki?"

"Ɓauna."

"Ina da biyu, sun ishe ni ciwon baya."

"To me kike so, don Allah?"

"Yau a kan amalankenka za a kai ƙanina wurin mai ɗori, kai za ka ja. Alkamarsa ta nuna, kai za ka yanke da hannunka, ba yaranka ba. Sannan Littafin nan yana da nauyi, shi kuma ka bar shi da hannu ɗaya. Kai za ka riƙe masa."

"Har yaushe?"

"Har yatsunsa su miƙe."

Ya dubi jama'a, babu wanda ya taya shi. Ya dubi hannun da ya kare shi. Ya ce, "Na saya."

Ta kakkaɓe rawanin, amma ba ta ba shi ba. Ta miƙa wa Hanuk, shi ya ɗora masa a ka da hannun hagu.

Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Hanuk ya koma ɗinki, sai dai a hankali, kuma yatsun nan biyu ba su taɓa miƙewa ba. Saboda haka har yau, duk Lahadin da fasto bai zo ba, Caudari Gulzar yana tsaye a gaban coci da Littafi buɗe a tafin hannunsa, tela na karantawa. In an kai ƙarshen shafi, Hanuk ya ce masa, "Juya," shi kuma ya juya.

Darasi: In ka ga magana biyu sun saɓa, kada ka yi saurin cewa ɗaya ƙarya ce, balle ka ɗaga sanda. Fara tambaya daga ina kowa ya soma ƙirgensa. Cewa "ban gane ba tukuna" ba laifi ba ne, girman kai ne ke karya ƙashi, kuma dokar da ka kafa don ka murƙushe wani tana nan tana jiranka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu saurin hannu, ko Allah zai sa yatsun wani su tsira.