Mutumin da Ya Kashe Inji a Gangara

Akwai wani mutum mai suna Filibus, malamin asibiti, wanda yake zaune da matarsa Tabita da 'ya'yansu uku a wani gari bisa tsauni. Shekara goma sha ɗaya da ƙafa yake zuwa wurin aiki. Ana nan, sai aka kawo masa takarda cewa an mayar da shi wani asibiti can ƙasa cikin kwari, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota.

Wata biyu yana bin motocin haya. Amma motar haya ba ta san lokacin kowa ba, sai ta cika take tashi. Ya yi ta makara, marasa lafiya suna zaune a benci suna jiransa, har shugabansa ya gaji ya ce masa ko dai ya riƙa zuwa a kan lokaci, ko ya kama ɗaki kusa da asibiti kamar sauran ma'aikata, ya riƙa leƙa gida ƙarshen wata.

Wannan magana ta tayar wa Tabita hankali. Ta ga gidajen da maigida ya kama ɗaki a wani gari, ta ga yadda 'ya'ya suke gaishe shi a tsaye kamar baƙo. Filibus ma bai so ba, domin autarsu ta fara kiran sunansa ke nan. Sai suka shirya su sayar da tsohon babur ɗinsa da ba ya iya doguwar tafiya, da bijimai biyu, su sayi mota, ya riƙa tafiya da safe yana kwana a gidansa.

Tabita ta sa sharaɗi ɗaya, kada motar ta zama mai shan mai. Ta ce in albashi zai ƙare a gidan mai, to ɗakin da suke gudu shi za a koma kamawa. Filibus ya ce haka ne. Sai dai shi ma yana da nasa sharaɗin da bai faɗa da ƙarfi ba, yana son mota mai daɗin tuƙi. Ni dai ban ga laifinsa ba. Mutumin da zai yi awa uku kowace rana a kan hanya, ai ba horo aka aike shi ya sha ba.

Suka tafi wurin Baba Zakka, tsohon bakanike kuma dattijo a ikkilisiyarsu, suka roƙe shi ya raka su. Ya kai su wurin wani dillali mai motocin Kwatano. Da isarsu idon Filibus ya faɗa kan wata ƙatuwa baƙa mai kujerun fata, ya fara shafa ta yana murmushi. Baba Zakka ya buɗe gabanta, ya leƙa, ya rufe, ya ce wannan sai wanda ubansa ke da gidan mai. Tabita kuwa ta nuna wata 'yar ƙarama. Suka zaga da ita, ga ta ba ta shan mai, amma a ɗan hawan bayan kasuwa ta fara nishi, har mai keke ya wuce su. Filibus ya ɓata fuska.

Ta uku wata shuɗiya ce, ba babba ba, ba kuma ƙarama ainun ba, mai giyar hannu. Da ya taɓa totur sai ta amsa, da ya juya sitiyari sai ta bi, kuma injinta shiru kamar ba a tayar ba. Baba Zakka ya ce ba ta shan mai sosai. Amma ya ce ba a zaɓen mota a titin gaban dillali, sai an kai ta hanyar da za ta riƙa bi. Dillalin ya san shi, sai ya ba su makulli.

Ranar Asabar da hantsi suka kama hanya. Filibus yana tuƙi, Tabita tana gefensa, Baba Zakka yana kujerar baya. Suka bar gari, suka wuce gonakin dankali, Filibus yana canja giya yana waƙar sujada a hankali. Tabita ta dube shi ta gefen ido, ta ga mijinta ya koma saurayi, abin ya ba ta dariya. Da suka kusa bakin babbar gangara, inda hanya take sauka kwari da kwana bayan kwana, sai dillali ya kira Baba Zakka a waya, suka shiga ja-in-ja.

To, Filibus a tsohuwar a-kori-kurar kawunsa ya koyi tuƙi, wadda suke kai kayan gona kasuwa da ita. Dokar kawun kuwa ita ce, da an kai bakin gangara sai a sa giya a firi, a kashe inji, mota ta gangara da kanta, mai ya huta. Waccan tsohuwa ba ruwanta, birkinta ƙarfin ƙafarka ne, sitiyarinta ƙarfin damtsenka. Filibus yana so ƙwarai Tabita ta yarda da shuɗiyar nan. Sai ya ce a ransa bari ya nuna mata dabarar da za ta sa man ya ƙara auki. Ya sa firi, ya murɗa makulli, inji ya mutu. Ya kashe mata ido ya ce, "Maman Lois, kin gani? Daga nan har gada kyauta za mu je." Baba Zakka bai ji ba, hankalinsa yana kan waya.

A kwana ta fari ya taka birki, ya kama. A ta biyu ma ya kama, ko da yake da ɗan tauri. Mota tana ta ƙara gudu. Da suka zo ta uku ya taka, sai ya ji birkin ya sandare kamar ya taka dutse. Ya juya sitiyari, shi ma ya yi nauyi, da ƙyar ya sha kwanar. Ga wata babbar mota cike da doya a gabansu tana rarrafe, ga tankar mai tana hawowa ta ɗaya hannun, ga rami a damansu. Filibus ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya miƙe a kan birki da dukan ƙarfinsa, bakinsa ya kasa furta komai.

Baba Zakka ya ɗaga kai, ya ga jajayen fitilu a gaban direba, nan take ya gane. Ya yar da wayar ya yi tsawa, "Tabita! Makulli! Murɗa makullin gaba!"

Tabita ba ta taɓa tuƙa ko keke ba. Ta miƙa hannu, ta kama makullin, ta murɗa. Inji ya tashi a bugu ɗaya. Birkin da ya ƙi ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafar Filibus, tayoyi suka yi ƙara, mota ta ja ta tsaya. Tsakaninsu da motar doya bai kai tsawon tabarma ba.

Filibus ya gangara da ita gefen hanya. Tabita ta buɗe ƙofa ta fita, ta zauna a kan wani dutse, ta rufe fuska da gyale. Shi kuwa da ya sami bakin magana, abin da ya fara cewa shi ne, "Baba, motar nan birkinta ba shi da kyau. Mu mayar masa da abarsa."

Baba Zakka ya dube shi, ran dattijo a ɓace, ya ce, "Malam Filibus, ka ji kunya mana. Birkinta lafiya lau. Irin waɗannan, birki da sitiyari duk daga inji suke samun ƙarfi. Taku biyun farko da ka ji ya kama, ragowar ƙarfin da inji ya bari ne. Kuma man da kake tattali, wa ya ce maka tana sha a gangara? Ka bar ta cikin giya, ka ɗauke ƙafa daga totur, da kanta take tsayar da man. Ka kusa kashe mu a kan abin da ba a ce ka biya ba."

Filibus ya sunkuyar da kai. Ya je ya durƙusa kusa da matarsa ya ba ta haƙuri. Ta ce, "Baban Lois, ka kama ɗakin. Gara in riƙa ganinka sau ɗaya a wata da a kawo mini kai a kwance." Wannan ta fi tsawar Baba Zakka yi masa zafi, domin ya ga da hannunsa ya jawo abin da suke gudu.

Dattijon ya bar ta ta yi kukanta. Sa'an nan ya ce mata, "'Yata, ban ce ki yarda da shi ba, ban ce ki yarda da ni ba. Mu koma sama mu sake saukowa sau ɗaya, inji a raye. In ranki bai kwanta ba, ni da kaina zan nemo masa ɗakin." Daga baya ta share fuska, ta tashi ta shiga.

Suka hau har bakin gangara, suka juyo. Filibus ya sa giya ta uku ya ɗauke ƙafa. Sai ga mota tana riƙe kanta da kanta, ba ta kwasa da gudu, birki ɗan taɓawa kawai yake so, sitiyari kuma da yatsa ma sai ya juya. Kwana bayan kwana suka sauka a natse. Filibus ya ga ashe daɗin tuƙin da yake nema a nan yake. Tabita ba ta ɗauke ido daga allurar mai ba har suka haye gada, allurar kuwa tana inda take.

Da suka tsaya a ƙofar asibitin, ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. Ta juya ta ce wa Baba Zakka ya kira mai motar. Sa'an nan ta dubi mijinta ta ce, "To, in ka tashi aiki ƙarfe huɗu, ƙarfe nawa zan ɗora tuwo?"

Ma'anar wannan misali ita ce, motar ranka ce, injin kuwa zumuncinka da Ubangiji ne, wato addu'arka da karatun Maganarsa da taruwa da 'yan'uwa. Ban taɓa ganin direban da ya kashe inji a kan hawa ba. Haka mu ma. In yaro yana kwance a asibiti, in aiki ya ƙi samuwa, in jarrabawa ta matso, ba sai an tuna mana da addu'a ba, mu ne a bencin gaba, har azumi muke ƙarawa. A gangara ake kashe inji. Yaron ya warke, aikin ya samu, hatsi ya shiga rumbu, sai mutum ya ga ai abubuwa suna tafiya da kansu. Minti goman nan na safe, bari ya yi barci da su. Sujadar tsakiyar mako, bari ya huta. A ganinsa tattalin lokaci yake yi.

Abin da yake ruɗinmu shi ne, ba a ranar ake ganin illar ba. Mako na fari kana nan da haƙurinka. Na biyu ma an tsokane ka ka danne, sai ka ce ashe ba wani abu. Ɗan'uwa, ragowa kake ci. Ranar da kwana ta uku za ta zo, wata baƙar magana daga maƙwabci, ko wata jaraba a wurin aiki, za ka nemi abin da zai tsayar da kai ka ji ya sandare. Daga nan kuma, mu da ba mu iya karɓar laifi, sai mu ce fasto ne bai iya wa'azi ba, ko mu ce bangaskiyar ce ba ta aiki.

Amma ba don in tsorata ku na kawo wannan misali ba. Ni abin da yake sanyaya mini rai duk lokacin da na tuna shi, injin nan bai yi fushi ba. Bai ce ai kai ka kashe ni, sai ka ji a jikinka ba. Hannun wadda ba ta san komai a kan mota ba ne ya murɗa makullin, ya kuwa tashi a bugu ɗaya. Haka Ubanmu na sama yake. Ba ya jiran ka tsara kalmomi masu kyau, ba ya kuma tambayar wata nawa ka yi ba ka zo ba. Wani lokaci ma kai ka kasa buɗe baki, sai matarka, ko mahaifiyarka, ko wani tsoho a kujerar baya ya yi kira a madadinka, a kuma ji shi. Da yawa a cikinmu da haka muka tsaya, mun sani.

Saboda haka, in kana kan hawa a yau, ka ci gaba, na san injinka yana raye. Maganata da kai ce, wanda komai yake tafiya maka sumul a bana, kana kallon gefen hanya kana jin iska. Ka ji daɗinta, Ubangiji ne ya ba ka, ba ya baƙin ciki da murnarka. Amma kafin ka fita daga ɗakin sujadar nan, ka ɗan yi shiru ka kasa kunne. In ba ka ji ƙarar komai ba, kada ka jira kwana ta gaba, miƙa hannu yanzu ka murɗa.