Yadda Kura Ta Gutsure Dokar Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata shekara aka yi fari a daji, ruwa ya ƙafe sai tafki ɗaya. Sai Zaki ya tara dabbobi, ya kafa doka: ba mai kama wani a bakin tafki. Gada tana da tsohon ciki, ta ji sanyi a ranta, don a nan ɗanta zai sha ruwa.

Sai ga Kura ta zo fada, ta faɗi ta yi gaisuwa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, doka ta yi kyau. A dai cire kwaɗi daga cikinta, sun cika surutu."

Gada ta yi mamaki. Yaushe Kura ta fara cin kwaɗo? Ta ce, "Soke doka za a yi?"

Kura ta ce, "Haba ƙanwata, wa ya isa? Ɗan gefenta za a rage."

Aka yarda.

Sai Kura ta komo, ta ce a cire duk mai jagula ruwa da ƙafa. Gada ta ce, "Ni fa ban yarda da matar nan ba." Aka ce ta cika zargi, aka yarda da maganar Kura. Gyado ya zo sha, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Sai Kura ta sake komowa, har da hawayen munafunci. Ta ce, "Baƙi suna shanye mana ruwa. A cire duk wanda bai halarci taron kafa doka ba." Dabbobi suka yi ta murna. Gada ta juya maganar, ta rasa inda ƙayar take.

Ana nan ta haihu. Ranar da ta kai ɗanta tafki, sai Kura ta tare hanya.

"Wannan ya halarci taro?"

"Ya halarta, yana cikina!"

Zaki ya dubi jama'a. "Wa ya gan shi?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Kura ta sure ɗan, Gada tana kuka tana kiran doka.

Zaki ya ce, "Ki daina ihu. Doka tana nan, ba wanda ya soke ta."

To yara, wannan shi ake kira tauye doka. Ba a kashe ta, gutsura ake yi, har ta kasa tsare kowa.

Ƙurunƙus kan ƙadangare.