Bushiya da Maroƙin Kunnenta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Lantana, ban ji muryarki ba. Matso nan kusa da ni, ki daina wannan kumbure-kumburen.

Wata Bushiya ce, da 'ya'yanta, da ɗan rumbunta na gero. Ran nan ana ruwa, sai ga Gyare ya jiƙe sharkaf.

Ya ce, "Uwar ɗakina, ba ni wurin fakewa. Ni maroƙi ne, zan riƙa yi miki kiɗa."

Ta ce, "Ɗakina ya cika."

Ya ce, "Kunnenki ma ya ishe ni."

Ya shige. Ruwa ya ɗauke, baƙo bai fita ba. Kun dai san maroƙi, in bai yi maka kirari ba, zambo zai yi maka. To shi Gyare zambo kaɗai ya iya. Da ta motsa sai ya buga:

"Gajeriya, ƙafar tsinke,
Ba ki iya ba, ba za ki iya ba."

Ita kuwa baiwar Allah, duk tuwon da ta tuƙa sai ta miƙa masa loma.

Ana nan sai Kura ta zo ta miƙe ƙafa a gindin rumbun, wai gadon kakanta ne. Kura da gero! Ba ci take ba, tsabar zalunci ne.

Ta ce, "In kina ja, ki same ni a filin kokawa. In aka buga ganga sau uku ba ki fito ba, rumbu ya zama nawa."

Aka buga ta fari. Bushiya ta ɗaura ɗamara, ta kai bakin ƙofa. Gyare ya buga waƙarsa. Sai ta juya, ta koma ciki. 'Ya'ya suka wuni ba ko kunu.

Kashegari aka buga ta biyu. Ta kai bakin fili, ta hango haƙoran Kura. Gyare ya buga. Ta juya da gudu, har ta yi karo da tsohuwar Kunkuru.

Kunkuru ta ce, "'Yar nan, wa ya koro ki?"

Ta ce, "Iya, maroƙina ya ce ba zan iya ba."

"Ya taɓa ganin kin gwada?"

"A'a."

"Wa ke ci da shi?"

"Ni."

Kunkuru ta ce, "Kayya. Na tsufa, ban taɓa ganin wanda ya ba maroƙi tuwo don ya zage shi ba."

Nan zuciya ta ciyo Bushiya. Ta karkata kai, ta girgiza, ta girgiza, Gyare ya faɗo tim.

Ya ce, "Haba uwar ɗakina, ai gaskiya nake gaya miki."

Ta ce, "'Ya'yana na kukan yunwa, ka dafa musu gaskiyar taka. Kama hanya."

Kuna cewa ta ƙare? Ina. Aka buga ganga ta uku, ta fito ita kaɗai. Tana cikin tafiya sai ta ji, "Ba ki iya ba, ba za ki iya ba." Ta sa yatsa a kunne, ba kowa. Ashe ta haddace waƙar, zuciyarta ce ke rera mata.

Ta tsaya cak. Ta ce, "Au, har da ni? To yau ko ni ko waƙar nan." Ta riƙe kiɗan, ta sauya baitin:

"Gajeriya ce ni, na yarda,
Mai kada ni sai ya sunkuya.
Na cika rumbu da ƙafar tsinke,
Mai taɓa ni ya taɓa ƙaya."

Karon farko muryar na rawa. Na biyu ta ɗan zauna. Na uku har fili aka jiyo.

Kura ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Ke loma ɗaya ce."

Bushiya ta ce, "To buɗe bakin mana."

Kura ta sunkuya, ta kai cafka. Bushiya ta dunƙule, ƙaya ta cika bakin Kura har ganɗa. Kura ta yi baya taga-taga, ta faɗi rigingine. Baya ya taɓa ƙasa, fili ya kaure da sowa. Ran nan 'ya'yan Bushiya suka ci tuwo har da suɗi.

Sai ga Gyare yana washe baki. Ya ce, "Uwar ɗakina, da ma na san za ki iya. A buɗe mini kunnen."

Ta ce, "Wurin ya sami mai shi."

Shi ya sa har yau Gyare ke kuka a waje, yana neman kunnen da zai shiga. Bushiya kuwa in kun ji tana 'yan gunaguni, kirarinta take yi wa kanta. Abin da za ka gaya wa kanka, ka zaɓe shi yadda kake zaɓen abin da za ka ci.

Lantana, ɗazu da tulu ya fashe na ji kin ce ke ba ki iya komai ba. Ba a gidan nan za a ci da Gyare ba. Ga wani tulun can, gobe ke za ki fara zuwa rijiya.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu. Ƙaryar ta Gizo ce, tulun kuwa gaskiya ne.