Ɗingishin da Des Ya Gada

A garinmu na masu noman rake a jihar Queensland an yi wani Bature, Des Hanrahan. Gwanin ban dariya ne, sai dai taurin kai. Idan ka ce masa ruwa na jiƙa mutum, sai ya shiga kogi don ya ƙaryata ka.

Duk shekara idan an gama saran rake, akan yi wasa a zauren kulob ɗin ƙwallo. Des sai ya shafe fuskarsa da baƙin tokar rake, ya zana leɓe fari, ya fito a matsayin malalacin lebura baƙar fata ɗan tsibiri, yana jan ƙafa ɗaya yana gwamutsa magana. Wajen mahaifinsa ya gaji wasan, har da ɗingishin.

Amininsa tun firamare shi ne Vern Santo, wanda aka kwaso kakanninsa daga tsibirai don su sari rake. A bana Vern ya same shi ya roƙe shi ya bar wasan, don tsohuwarsa, Goggo Dulcie, ta ce za ta zo kallo.

Des ya ce ai Turancin 'yan jami'a ne ya shiga kan Vern, su da komai suka gani sai su ce wariya. Ya ce idan an ƙone gona kowa baƙi yake fitowa.

"Kai ma tsufa ya sa ka zama fasto ne, ƙaton banza?"

"Ni dai na roƙe ka," in ji Vern.

Ranar Asabar da yamma Des ya fito. Zaure ya yi dariya kamar kullum, har da tafi. Yana bayan labule yana goge fuska sai ga Goggo Dulcie da sandarta, Vern na riƙe da ita. Ba ta yi faɗa ba. Ta yaba masa ma.

"Ɗana, ka iya tafiyar sosai. Ƙafar hagu ce kuwa. Keken ɗaukar rake ne ya take wa marigayi mijina ita a gonar kakanka. Babanka yakan bi mijina a baya yana koyo, yara suna dariya. Yau na sake ganinsa."

Ta juya ta fita. Vern bai dube shi ba.

Des ya zauna da tsumma a hannu, rabin fuska baƙi, rabi ja. Bai ji kunya ba, bai ji haushi ba, bai ji komai ba. Aka kira shi ya fito ya karɓi tafi, ya fita ya karɓa.

Washegari ya je gidan Vern da kwalin giya. Vern ya gaishe shi ta bayan ragar ƙofa, ya tambayi lafiyar iyali, ya ce yana da aiki. Haka suke har yau. Suna haɗuwa a kanti, su ɗaga wa juna hannu kamar maƙwabtan da suka tare jiya.

Darasin shi ne, tsufan wasa ba ya mayar da shi mai kyau, dariyar jama'a kuma ba shaida ba ce cewa ba a cuci kowa ba. Kafin ka kwaikwayi wasu mutane, ka tambayi daga jikin wa aka kwaso abin. Idan kuma wanda abin ya shafa ya ce ka bari, to ka bari tun yana roƙonka.