Tafin Minti Na Saba'in Da Takwas

Akwai wani mutum a garinmu Brackendale, sunansa Barry Entwistle, yana da shagon soyayyen kifi da dankali a layin da ke kaiwa filin ƙwallo. In kana neman wanda ya fi kowa sanin komai a duniya, ka tsaya minti biyar a shagon Barry, zai gaya maka cewa shi ne. Ni ban ƙare sakandare ba, amma na rantse ko cikin barci na fi shi tunani.

Babban ciwon Barry shi ne magoya bayan Holmsey, ƙungiyar garin da ke tsallaken kogi, masu gyalen wuya ruwan ɗorawa.

Shekara shida da suka wuce, wasu samari huɗu 'yan Holmsey suka sha suka yi tatil, suka rotsa gilashin shagonsa da bulo, suka yi fitsari a ƙofa, suka tsorata ƙanwarsa Glenda da ke suya a ciki. Mummunan aiki ne, ba mai musu. An kama su, an hukunta su. Amma Barry tun daga ranar ya yanke wa garin Holmsey kaf hukunci.

"Dabbobi ne," haka yake cewa yana zuba gishiri a dankali. "Daga jaririn da ake turawa a keke har tsohuwar da ke share coci, duk halinsu ɗaya. Ka nuna mini ɗan Holmsey ɗaya mai mutunci, in cinye wannan kaskon."

To amma ranar da abokansa na ɓangarenmu suka jefi mai tsaron ragar wata ƙungiya da kwabo har goshinsa ya fashe, me kuke jin Barry ya ce?

"Ai zafin wasa ne. Yaranmu kishi gare su."

Kun ji mutum.

Mahaifin Barry, tsoho Wilf, shi kam daban ne. Shekara arba'in da ɗaya yana tsaron ƙofar da baƙi ke shiga filinmu. Duk mai goyon bayan wata ƙungiya da ya zo kallo, ta hannun Wilf yake wucewa. Ya duba tikiti, ya miƙa maka alawa daga aljihun kwat, ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Allah ya sa ku sha kashi." Har da 'yan Holmsey.

A farkon bazara Wilf ya rasu, yana da shekara saba'in da takwas.

Al'adar filinmu ita ce, in tsohon ɗan fili ya mutu, a wasan gida na gaba, da agogo ya kai mintin da ya yi daidai da shekarunsa, kowa ya miƙe a tafa masa minti ɗaya cur, ƙwallo na tafiya. Sau ɗaya ake yi wa mutum. In ya wuce, ya wuce.

Matar Wilf, Edna, ba ta nemi komai ba sai wannan. Ta ce wa 'ya'yanta, "Ni dai ku kai ni in ji an tafa wa babanku, ku biyu kuna gefena. Shi ke nan burina."

Sai aka duba jadawali. Wasan gida na gaba da Holmsey ne.

Barry ya kusa haɗiye harshensa.

Ranar Alhamis da tsakar rana, layi ya kai ƙofa a shagon Barry, sai ga wata dattijuwa gajeriya ta shigo da gyale ruwan ɗorawa a wuya. Sunanta Doreen Pickersgill, ita ce shugabar magoya bayan Holmsey. Abin da ya kawo ta shi ne neman hoton Wilf, domin su buga a jikin babban ƙyalle su ɗaga a mintinsa.

"Sannu da aiki," ta ce. "Kai ne ɗan Wilf, ko? Na zo ne kan maganar ran Asabar..."

"Fita."

"Ɗana, ka bari in..."

"Ni ba ɗanki ba ne. Fita da wannan tsumman na wuyanki kafin ya ɓata mini mai. Kin zo leƙen asiri ne, ku ji minti nawa ne ku shirya ihunku? Ki koma ki gaya wa karnukanki, duk wanda ya buɗe baki a mintin babana, a motar asibiti zai koma gida."

Doreen ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi tumbinsa, ta ce, "Kamannin babanka dai ka ɗauko, sauran kuma ya bar ka." Ta fita.

Barry ya juyo ga masu layi yana hura hanci kamar ya kori mayaƙa ɗari. "Kun gani? Haka ake yi musu."

Glenda ta ajiye matsami ta bi matar ta ƙofar baya, ta cim mata a tashar bas.

"Anti, ki yi haƙuri. Yayana ne, haka yake."

"Ba komai, 'yata. Ba don shi na zo ba. Tun ina 'yar shekara ashirin nake shiga ta ƙofar babanku. Duk shekara sai ya yi mana addu'ar shan kashi, ya ba mu alawa. Ranar da mijina ya fara zuwa a keken guragu, babanku ya bar ƙofar ya tura shi har wurin zamansa. Ba za mu zauna a tafa masa muna kallo ba."

Glenda ta share ido da bayan hannu, ta tura mata hoton ta waya nan take. Wilf ne da hular nan tasa mai baki, yana dariya.

Da ta koma shago ta ce, "Yaya Barry, matar nan fa abin da ya kawo ta..."

"Kada ki ƙara ambaton ta a nan. Kifin can na ƙonewa."

Ta sake gwadawa ran Juma'a, ya ƙara wa rediyo murya. Sai ta ƙyale shi. Ni ma na san zancen, don ina tsaye a tashar bas ɗin ranar. Ban gaya masa ba. Mutumin da ya san komai, me zan ƙara masa?

Asabar da ƙarfe uku aka take wasa. Fili ya cika maƙil, mutum dubu tara. Barry ya zaunar da Edna da Glenda a layin gaba, dab da shingen da ya raba mu da baƙi. Shi bai kalli ƙwallo ba ko sau ɗaya. Idonsa na kan masu ruwan ɗorawa, yana jiran laifi.

Holmsey suka zura ɗaya kafin hutun rabin lokaci, suka ƙara ɗaya bayan an dawo. Suna ta waƙarsu ta tsokana, wadda suke cewa garinmu ƙarnin kifi yake yi. Namu na ramawa da abin da ba zan rubuta a shafin nan ba.

A minti na saba'in da biyar Barry ya hango wani abu. 'Yan Holmsey na miƙa wa juna wani dogon ƙyalle a naɗe, daga sama zuwa layin gaba. Gefe ɗaya ya ɗan warware, sai ga bakin hular Wilf da rabin goshinsa.

"Mama, kin gani? Hoton Baba suka buga! Wulaƙanta shi za su yi!"

"Yaya, tsaya in gaya maka!" Glenda ta cafke rigarsa.

Ya zare jiki ya bar mata rigar a hannu, ya tsallake allon talla, ya faɗa cikin fili. Jama'a, da kun ga gudun nan. Mutum mai shekara hamsin da biyu, singileti ta naɗe sama, tumbi na gaba shi yana biye. Ni na taɓa sako agwagwa cikin filin nan ana tsakiyar wasa, kuma ko ita ta fi shi tsari.

Ya isa gaban baƙi, ya bangaje wani tsoho har tabaronsa ya faɗi, ya damƙi ƙyallen ya fizga. Ƙyallen ya yage biyu, ƙarar yagewar har inda nake.

Masu gadin fili huɗu suka danne shi. 'Yan sanda suka murɗe hannunsa baya suka sa ankwa. Hanya mafi kusa ta fita ita ce ƙofar baƙi, ta nan aka ja shi yana ihu, "Ku sake ni! Babana suke zagi!"

Abokansa na ɓangarenmu suka ga an kama nasu, sai suka fara jifan baƙi da robobin ruwa da kwabbai. Wani ya cire kujera. Edna na zaune ta riƙe jakarta da hannu biyu. Idonta na kan agogon fili.

Saba'in da bakwai.

Doreen ta hau kan kujerarta, 'yar mitsitsiya da ita, robobi na wucewa ta kanta. "Ku ɗaga shi a haka! Ku na dama ku riƙe naku, ku na hagu ku matso, ku haɗa bakin da hannu!"

Agogo ya buga saba'in da takwas, ƙyallen ya tashi. Fuskar Wilf ce, yagar ta bi ta tsakiyar hular, hannaye kusan ashirin na riƙe da ita kada ta rabu. A ƙasa an rubuta: WILF, MUN GODE DA SHEKARA ARBA'IN DA ƊAYA.

Ɓangaren baƙi ne ya fara tafi.

Wasu samari uku daga cikinsu suka sa hannu a baki suka fara ihun raini, domin ko'ina akwai irinsu. Wani ƙaton direban babbar mota da ke bayansu ya kamo wuyan rigar biyu, ya harari na ukun. "Ku tafa, ko ku koma Holmsey da ƙafa." Suka tafa.

Namu masu jifa suka tsaya da robobi a hannu kamar an zare musu batir. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye. Sai fili gaba ɗaya ya miƙe. Mai tsaron ragar Holmsey ya tafa da safar hannunsa. Glenda ta ɗaga mahaifiyarta tsaye, tsohuwa na tafi tana kuka, kujerar da ke damanta wayam.

Barry kuwa yana bayan fili, cikin motar 'yan sanda, kusa da kwandunan shara. Ya ji ƙarar ta taso kamar ruwan sama a kan kwano. Ya kasa kunne yana jiran ihun da ya yi rantsuwa za a yi. Bai ji ba.

"'Yar'uwa," ya ce wa 'yar sandan da ke gadinsa, "me suke yi?"

Ta duba wayarta, ta juyo masa da ita. Wani ya riga ya sa hoton.

Barry ya kalla. Bakin nan da bai taɓa rufuwa ba ya rufu.

"Don Allah ki kwance mini hannu. Minti ɗaya kawai. Babana ne."

"Na sani, yallaɓai. Ka zauna."

Kafin ya sake roƙo, tafin ya ƙare.

Washegari aka sake shi, da takardar zuwa kotu, inda daga baya aka hana shi shiga kowane filin ƙwallo har shekara uku. Ya wuce gidan mahaifiyarsa, domin Lahadi a can suke cin gasasshen nama da rana. Ya tarar Glenda na yanka, Edna na zaune a bakin tebur.

Ya ja kujera a hankali. Ba wanda ya kula shi.

"Ai da sun gaya mini," ya ce.

"Ta zo gaya maka," in ji Glenda. "Ka ce gyalenta zai ɓata maka mai."

Ya ɗauki cokali yana juyawa. Amma Barry ne, dole ya nemi mafita.

"An ce dai akwai masu ihu a cikinsu. Kun ga abin da nake faɗa."

Edna ta ajiye wuƙarta.

"Uku ne, Barry. Na gan su da idona, kuma nasu ne suka rufe musu baki. Wanda ya yaga fuskar mijina a gaban jama'a kuwa, ni na haife shi."

"Mama, don Baba na yi."

"Mutum dubu tara suka tafa wa babanka jiya. Har da waɗanda kake kira karnuka. Na waiwaya dama in riƙe hannun ɗansa, na tarar da kujera." Ta tura masa kwanon dankali ba tare da ta dube shi ba. "Ci abincinka."

Darasi: Ɓata-garin da ke cikin kowace ƙungiya a kira su da sunansu, a hukunta su, ko naka ne ko na wasu. Amma kada laifin mutum huɗu ya sa ka shafa wa gari guda baƙin fenti, domin wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya jin magana ko da alheri aka kawo masa, kuma a ƙarshe shi ne ke aikata abin da yake zargin wasu da shi. Ka tura wannan labari ga abokin nan naka da ke zagin magoya bayan wata ƙungiya duk ƙarshen mako. In ya yi fushi, to shi ake nufi.