Gonar da Jatau Ya Kasa Shukawa

Dalilin da ya sa kuke ganin filin nan na bakin rafi ba wanda ke noma shi, alhali duk Tsamiyar Kwari babu ƙasa mai kyansa, ku matso ku ji, yara.

A da, idan mutum ya yi wa sarki babban alheri, sarki kan yanka masa ƙasa ya ba shi. Ita ake kira hurumi. Ba a karɓar harajinta, ba mai ƙwace ta, sarkin kansa ba ya janye ta.

Wata damina ruwa ya kusa cin sarki a mashigin rafin nan. Wani manomi, Barmo, ya faɗa ya jawo shi gaɓa a sume, ya ruga gari neman taimako. Sai ga maƙwabcinsa Jatau, ya tuɓe riga ya lulluɓe sarki. Sarki ya buɗe ido ya ce, "Kai ka cece ni?"

Jatau bai ce e ba. Amma fa, bawan Allah, bai ce a'a ba.

Bayan girbi jakadan sarki ya zo yanka masa hurumi. Jatau na biye da shi ana kafa duwatsun iyaka, har suka zagaye gonar Barmo kaf. 

Washegari Barmo ya yi sallama gidan Jatau, jakinsa ɗaure da kaya. Ya ajiye ƙwaryar gero ya ce, "Maƙwabci, ga irin da ƙasar ta saba da shi. Kada ka shuka gefen rafi da wuri, ruwa na kwanciya." Ya kaɗa jaki da iyalinsa, ya bar garin.

Kunya ta kama Jatau kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tafi fada ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni na cece ka ba. A mayar wa Barmo."

Sarki ya dube shi ya ce, "Hurumi ba ya komawa. Naka ne. Nemo Barmo ka ba shi da hannunka."

Jatau ya bi gari gari, bai same shi ba. Duk damina yakan ɗauko ƙwaryar, ya tsaya a bakin gonar, ya juyo gida da ita, har ya rasu.

Shi ya sa har yau Hurumin Jatau ke kwance, awaki na kiwo a ciki. Jikokinsa kuwa, in za su rafi, zagayawa suke yi, wai ko mai gona zai dawo.